Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Gwamnan Kebbi Kan Digiri Da Lasisin Malaman Firamare

Assalamu alaikum warahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kebbi, Kwamared Dakta Nasir Idris, Kauran Gwandu. Allah ya ja zamaninka, ya ƙara lafiya, ya ba ka ikon sauke nauyin jama'a. Ya aiki, ya haƙuri da mu?

Ranka ya daɗe, ni malamin firamare ne a wani ƙauye cikin ƙasar Yauri, kuma ba da yawun kaina kaɗai nake wannan rubutu ba. Muna da guruf a WhatsApp na malaman firamare da na ƙaramar sakandare masu NCE, wato takardar shaidar malanta ta kwalejin ilimi, akwai 'yan Zuru da Argungu da Bagudo da Kamba da Dakingari da Wara, wasunmu suna cikin karatun digiri yanzu haka, wasu sun gama takardar tana ƙasan akwati ba ta tsinana masu komai ba, wasu kuma, su ne ma suka fi yawa, suna son farawa amma da sun zauna sun yi lissafi sai su aje biro su ce Allah ya kawo lokaci. Su suka ce in rubuto maka. Mun zaɓi mu yi magana da kai kai tsaye saboda kai ka riƙe shugabancin ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, ka sha zama a tebur kana ja-in-ja da gwamnoni a kan haƙƙin malami, yau kuma Allah ya sa kai ne zaune a ɗaya gefen teburin, saboda haka ba sai mun yi ta kewaye-kewaye ba.

Abin da ya tayar da maganar shi ne sanarwar da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta fitar a 2025, cewa daga 2027 makarantar sakandaren da malamanta ba su da rajistar TRCN, hukumar yi wa malamai rajista da ba su lasisi, ba za a bar ta ta zama cibiyar rubuta WAEC ko NECO ba. Wani zai ce to ina ruwan malamin firamare da dokar sakandare? Da ruwanmu ƙwarai. Duk firinsifal da mai makarantar kuɗi da ya ji wannan sanarwa ya fara neman malami mai digirin ilimi kuma mai lasisi, kuma ina za a same su in ba a cikinmu ba, 'yan tsirarun da suka sha wuya suka yi digirin da guminsu suna koyar da aji biyu da aji uku a ƙauye? Za a kwashe su a yi sama da su, firamare ta koma hannun wanda ya rage.

Kada a fahimce mu a baibai, mu ba mu ƙi lasisi ba. Tsarin ilimi na ƙasa ya daɗe da cewa NCE ce mafi ƙarancin takardar shiga aji, hukumar TRCN tun 1993 aka kafa ta, daga 2017 kuma aka fara jarrabawar ƙwarewa da kwamfuta kafin a ba mutum rajista, mai NCE yana rukunin D mai digiri yana rukunin C. Daidai ne. Likita ba ya taɓa majiyyaci sai da lasisi, mu da ake ba mu yaro ɗan shekara 6 mu ɗora masa harsashi ba mu fi ƙarfin a tantance mu ba. Kuma ba baƙon abu ne a ƙasar Gwandu ba, a zaurukanmu ba kowa ke tashi ya ce shi malami ne ba sai wanda ya karantar da shi ya ba shi izini, haka Nana Asma'u ba ta tura jaji ƙauyuka ta karantar da 'yan taru sai ta koyar da ita ta ɗora mata malfa, kowa ya gan ta ya san da izini ta zo. To amma a can wanda ya ba da izinin shi ne ya ɗauki nauyin koyarwar. Mu a nan an ce mu kawo takarda, an ce mu kawo lasisi, an sa rana, sannan aka bar mu da albashinmu mu san yadda za mu yi.

Tsofaffin malamanmu da suka yi kwalejin horon malamai zamanin UPE, shirin ilimin firamare kyauta na 1976, in suna ba mu labari sai mu riƙa jin kamar wata ƙasa ce daban. Tsohon hedimastanmu, ɗan ƙasar Argungu ne, yakan ce "mu lokacin da munka shiga TC gwamnati ka ci da mu, ta ba mu sabulu ta ba mu alawus, kahin ka gama an san makarantar da za ka". Daga baya aka ce takardarsu ta Grade II ba ta isa ba, aka rufe waɗannan kwalejoji, su da kansu suka koma suna zuwa karatun NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa, Asabar da Lahadi don su samu NCE. An ƙaddamar da UBE, shirin ilimin bai-ɗaya na firamare da ƙaramar sakandare, a Sakkwato a 1999, aka yi mata doka a 2004, yara suka ƙaru, ajujuwa suka ƙaru. Yanzu ga shi a aikace ana sake ɗaga sandar zuwa digiri a zamaninmu, sai dai wannan karon babu sabulu babu alawus.

Matsala ta farko tun kafin a sayi fom take farawa, wato izinin ƙaro karatu. Babu wanda ya taɓa nuna mana a rubuce cewa ga sharuɗɗan, shekara kaza za ka yi a aiki, mutum kaza ake bari a shekara, ga ranar da za a ba ka amsa. Kana rubuta takarda ta bi ta hannun hedimasta ta tafi ofis, shi ke nan sai addu'a. Wani a ba shi cikin sati biyu saboda ya san wanda ya san wani, wani kuma admishan ɗinsa ya fito ya lalace amsa ba ta zo ba. Abin da ke biyo baya kowa ya sani, mutane suna tafiya karatun a ɓoye ba izini, ranar da suka gama suka kawo takarda a ce masu ai ba da sanin hukuma kuka yi ba saboda haka ba za a lissafa ba. Mutum ya yi shekara huɗu ko biyar yana karatun hutu da kuɗin aljihunsa a ce ba a san da shi ba, wallahi abin da ciwo.

Sai kuɗi. Mun gode da mafi ƙarancin albashi na naira 75,000 da ka amince da shi a 2024, sama da naira 70,000 na tarayya, ba za mu ƙi faɗin alheri ba. Amma ranka ya daɗe ka ɗauki albashin malami mai mataki na 7 ko na 8, mai mata da 'ya'ya, ga iyaye tsofaffi, ka cire masara da shinkafa da magani da man mashin tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, sannan ka ce a cikin abin da ya rage ya sayi fom, ya biya rajistar kowace shekara, ya sayi handawut, ya biya kuɗin mota da ɗakin kwana lokacin jarrabawa, ya sayi data, ya buga furojet ya ɗaure, ya biya kuɗin karɓo sakamakon NCE ɗinsa daga tsohuwar makaranta, ya biya rajistar TRCN da jarrabawarta, bayan 'yan shekaru kuma ya sabunta lasisi don shi ma ba na har abada ba ne. Daga ina? Amsar ita ce daga bashin kofaretib, daga sayar da tunkiyar uwargida, daga jinginar da fadama. Akwai wanda na sani ya sayar da shinkafarsa tun tana gona a farashin wulaƙanci saboda za a rufe fotal ɗin rajista ranar Juma'a, bayan wata biyu yana sayen shinkafar ci da kwano a kasuwa.

Lakcara a jami'a ko kwaleji yana da TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, da ta daɗe tana ɗaukar nauyin masu digiri na biyu da na uku. Ɗalibi yana da lamunin NELFUND da aka buɗe a 2024, wanda da ka dube shi ka san da yaron da ya gama sakandare ya tafi jami'a ya zauna aka tsara shi, ba da magidanci mai aji a hannu ba, kuma ko ba komai bashi ne, mu kuwa bashi ya riga ya yi mana katutu. A ranar malamai ta duniya ta 2021 gwamnatin tarayya ta sanar da alawus na naira 75,000 kowace semesta ga masu karanta ilimi a jami'o'in gwamnati da naira 50,000 ga 'yan NCE, muka yi ta murna ana turawa a guruf-guruf, amma dai an ce da kare ana biki a gidansu ya ce mu gani a ƙas, a cikin guruf ɗinmu kaf babu wanda ya ce ya ga alat. Malamin firamare shi kaɗai ne a duk tsanin nan aka ce ya hau da ƙafarsa ba mai riƙe masa.

Ga kuma nisa. Wanda ke Birnin Kebbi ko Kalgo ko Jega da sauƙi, ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ga cibiyar NOUN ta karatu daga nesa, ga jami'ar jiha a Aliero, Argungu na da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie kuma Sakkwato ba ta yi masu nisa ba, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Amma mu na kudu fa? Daga Yauri sai ka bi Koko ka wuce Maiyama ka isa Jega kafin ka ga Birnin Kebbi, na Zuru ya biyo ta Dabai da Mahuta ya faɗo Koko, na ƙauyukan bakin ruwa a Ngaski da Shanga wani sai ya fara shiga kwale-kwale kafin ya ga mashin balle mota. In mutum ya ce zai shiga aji biyu na jami'a da NCE ɗinsa ta JAMB ya zauna, shekara uku ke nan cur ba ya aji. In ya ce karatun hutu ko na ƙarshen mako, to kalandar jami'a ba ta san kalandar firamare ba, sau da yawa jarrabawarsu tana faɗowa muna tsakiyar zango.

Bari in gaya maka yadda makarantarmu ke zama a irin wannan sati. Mu kaɗan ne dama, in biyu suka tafi jarrabawa sai a kwaso 'yan aji ɗaya da aji biyu a zuba su ɗaki guda, na gaba a kan tabarma na baya a kan windo, aji biyar kuma a ba monita tsumagiya da guntun takarda ya rubuta sunan masu surutu, ni in rubuta lissafi a allon aji uku in ce su kwafa in ruga aji huɗu in fara karatun Hausa, ina cikin yi in jiyo kuka daga can in koma. Kafin tara da rabi muryata ta dushe. Bayan hutun tara kuma, rabin yaran ba sa dawowa, iyaye kuma suna gani, uba zai ce in dai zama za su yi ba malami gara su bi ni gona ko su tafi kamun kifi, kuma ba ka da bakin ba shi amsa. Tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya yara 35. Ban ga laifin abokan aikina ba ko kaɗan, karatun da aka ce su yi suka tafi yi, laifin na rashin tsarin da zai sa a san za su tafi a kawo mai riƙe masu aji ne.

Kuma hanyar ba lafiya ba, kai ka fi mu sani. Ba mu manta da ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yauri da aka kwashe a Yunin 2021 ba, ga abin da ya faru a makarantar 'yan mata ta Maga a Nuwamban 2025 inda aka kashe mataimakin shugaban makaranta, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Malamin Danko/Wasagu ko Sakaba da zai fito da asuba don ya riski lakcar ƙarfe goma, ya dawo bayan magariba, da ransa yake caca kowane mako.

Maganar jarrabawar TRCN kuwa, lokacin da na yi tawa tambayoyin ba su ne abin tsoro ba, abin da muka karanta ne, tarihin ilimi, halayyar yara, dabarun koyarwa, auna fahimta, ƙa'idojin aiki. Kwamfutar ce. Ranar da na je tawa, kusa da ni wata malama ce babba, ta haife ni a aikin nan nesa ba kusa ba, yaran da ta koya wa baƙi da wasali wasunsu yau suna manyan ofisoshi. Ta zauna ta ɗora hannu biyu a cinya tana kallon allon kwamfutar, agogo yana tafiya a saman kusurwa, can ta juyo a hankali ta ce min "ɗana, wanga abu mi za ni taɓa shi buɗe?" Ta ɗaga linzamin sama tana juya shi a iska tana jiran kibiyar ta motsa. Mai sa ido ya zo ya nuna mata a gurguje ya wuce, kafin hannunta ya saba lokaci ya ci rabi. Da muka fito tana zaune a gindin bishiya tana faɗa min amsoshin tambayoyin da ba ta kai gare su ba ɗaya bayan ɗaya, kuma daidai take faɗa. Awa biyu kacal da wani ya zaunar da ita gaban kwamfuta kafin ranar da ta wuce lafiya lau, amma sai ta sake biyan kuɗi ta sake biyan mota ta jira zagaye na gaba.

Yanzu ga babbar maganar, wadda saboda ita ce ma na yarda na yi rubutun. Mu ce mutum ya tsallake duk wannan, ya gama, ya karɓo takardar NYSC ta cewa an ɗauke masa bautar ƙasa, ya koma rukunin C. Sai me? Sai ya kai fayil ofis don a gyara masa mataki. Ba zan faɗi ofishin ba, amma nawa fayil ɗin na san kalar kabad ɗin da yake ciki, yau a ce oga bai zauna ba, gobe a ce kwamiti bai zauna ba, jibi a ce a sake kawo fotokwafi don na farko sun ɓace, wata rana kuma a yi maka murmushi a ce malam ba ɗan na goro? Albashi yana nan yadda yake, bashin da aka ci don karatun kuma ana cirewa duk wata. A tsarin aikin gwamnati da muka sani mai NCE da mataki na 7 yake farawa ya tsaya a 14, mai digiri ya fara da 8 kuma hanyarsa ta fi tsawo, wannan bambancin shi ne ya sa mutane ke shan wahalar, in kuwa ba a gyara ba to wahalar banza aka sha.

Shi ya sa da mutum ya riƙe digiri a hannu abu na farko da yake nema shi ne hanyar fita. Ya nemi tiransifa zuwa babbar sakandare, ko ya koma ofis ya zauna a kan tebur, ko ya cike fom ɗin kwastan ko imigireshan ko sibil difens, ko wata ƙungiya mai zaman kanta ta ɗauke shi. Har jama'ar gari ma haka suke gani, in aka ce wane ya yi digiri kuma har yanzu yana aji biyu sai a riƙa yi masa kallon wanda ba shi da kowa a sama. A guruf ɗinmu in wani ya sa hoton takardarsa, bayan barka da Allah ya sa albarka, tambayar da ke biyowa ita ce "to yanzu sai ina?" Babu mai cewa sai aji ɗaya. Ga shi kuwa aji ɗaya zuwa uku nan ne ake buƙatar wanda ya fi kowa sanin aiki, don yaron da ya wuce aji uku bai iya haɗa baƙi ba zai yi ta jan ƙafa har JSS 3 yana kwafar allo bai san me ya rubuta ba, malaman ƙaramar sakandare da ke cikinmu kullum kukansu ke nan, an kawo masu yaro a koya masa kimiyya shi kuwa sunansa ma da ƙyar.

Kuma karatun yana da amfani, na gani da idona. Akwai abokin aikina da ya karanta fannin ilimin firamare, PES, ya ɗora digiri a kai. Ranar da zai koya wa 'yan aji biyu goma-goma da ɗai-ɗai bai taɓa alli ba sai can ƙarshe, ya sa kowane yaro ya zo da karan dawa an yayyanka gajeru, suka zauna a ƙasa suna ƙirga goma suna ɗaurewa da zaren buhu, ya ce ɗauri uku da kara huɗu nawa ke nan, suka ce 34, ya ce to a cire 8, yara suka tsaya don kara huɗu ne a warwatse, sai wata yarinya ƙarama daga baya ta miƙa hannu ta kwance ɗauri ɗaya ta zuba. Shi ke nan ta gano aro da kanta, abin da ake shekara ana "ka ari ɗaya" yara suna haddacewa ba su san me aka ara ba. Wannan malamin yanzu haka takardar neman tiransifarsa tana hanya, kuma ban iya ce masa kada ya tafi ba, 'ya'yansa shida.

Malamai mata nasu ya fi namu. Ga aji, ga girki, ga goyo, ga miji da sai ya yarda kafin ta kwana a wani gari don jarrabawa, wasu mazan kuma da gaskiyarsu in ka dubi hanya. Da yawa sun tsaya a NCE ba don ƙwaƙwalwa ta gaza ba. Kuma duk wanda ya yi aiki a ƙauye ya san in akwai malama a makaranta iyaye sun fi sakin 'ya'ya mata su kai aji shida.

Wani abin kuma da ke ba mu mamaki, a garuruwanmu ga matasa nan da NCE da digirin ilimi har da lasisi suna acaba, suna POS, suna sayar da data, wasu suna koyarwa a makarantun kuɗi a kan abin da bai kai kuɗin cefanen sati ba, a lokaci guda kuma ga ajujuwa a hannun wanda bai taɓa yin TP, wato koyarwar gwaji, ba don an ba wani babba gurbi ya ba ɗan ƙanensa. Dama tun a ƙofar shiga an rage wa aikin daraja, a 2025 JAMB ta sa makin shiga jami'a 150 na kwalejin ilimi 100, yaro ya taso da sanin cewa malanta ita ce inda ake zuwa in an rasa ko'ina. Wanda ke da digirin wani fanni yana son koyarwa ba mu ce a kore shi ba, ga PGDE nan, difilomar koyarwa ta masu digiri, ya je ya yi. Kuma ba ma fatan a bi hanyar Kaduna ta 2017 inda aka yi jarrabawa aka sallami malamai sama da 21,000 a tashi ɗaya, a fara ba mutum dama da horo tukuna, wanda ya ƙi ko aka kama shi da takardar bogi to wannan ba mai tsaya masa, mu ma ba za mu tsaya masa ba.

Ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo. A fitar da ƙa'idar izinin ƙaro karatu a rubuce, a liƙa ta a ofishin kowane sakataren ilimi na ƙananan hukumomi 21, a sa wa'adin ba da amsa, sannan waɗanda suka riga suka yi karatun ba izini a yi masu afuwa sau ɗaya a tantance takardunsu a karɓa. A sa wa'adi kuma na gyaran mataki, in mutum ya kawo digiri aka tabbatar na gaske ne kada ya wuce wata uku, in ya wuce a biya shi ariyas daga ranar da ya miƙa.

Muna roƙon jiha ta ɗauki nauyin kuɗin makarantar malaman da ke aji, ko da kashi-kashi ne kowace shekara, a fara da na ƙauyuka masu nisa da mata, kuma mu mun yarda a ɗaure mu da yarjejeniya, duk wanda aka biya wa ya sa hannu zai zauna a firamare ko ƙaramar sakandaren yankinsa shekaru daidai da waɗanda aka biya masa ko fiye, in ya gudu ya dawo da kuɗin. Mun tattauna wannan a guruf sosai, an yi musu, amma mafi yawa sun ce sun amince. A cikin kuɗin UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, akwai kason horar da malamai, maimakon duk ya tafi a bitar kwana uku a otal da jaka da biro da shinkafa a leda, a karkatar da wani abu zuwa karatun da zai bar wa mutum takarda.

A kawo karatun kusa da mu. A yi magana da jami'o'in da ke jihar da NTI da NOUN a buɗe cibiyoyin karatun hutu a Yauri da Zuru da Kamba ko Bagudo, gine-ginen sakandare suna nan a rufe duk dogon hutu, lakcara ɗaya ya zo ya fi malamai hamsin su tafi. A daidaita jarrabawarsu da hutunmu. Dokar 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri da kansu tare da NCE, to a ƙarfafa tamu ta Argungu da ma'aikata da kayan aiki ita ma ta kai wannan matsayi, musamman a fannin firamare da na ƙananan yara. Inda kuma dole malami ya tafi, a ɗauko cikin matasan nan masu NCE da ke zaune a ba su riƙon aji da ɗan alawus, ranar ɗaukar aiki a fara da su.

Rajistar TRCN da jarrabawarta, jiha ta biya wa malamanta na farko a dunƙule kafin 2027, a kuma buɗe ɗakunan kwamfuta na makarantun da ke da su ranar Asabar a koya wa dattawanmu riƙe linzami, wannan ko kuɗi ba ya ci sosai, a cikinmu ma akwai masu koyarwa kyauta in an ba da ɗaki da man janareta.

Na ƙarshe kuma shi ne wanda muka fi so ka duba da kanka. A yi tsarin da mai digiri zai zauna a aji ɗaya ya kai matakin da takwaransa na babbar sakandare ke kaiwa ba tare da ya bar allo ba, a ƙara alawus na musamman ga wanda ke koyarwa a ƙauye da bakin ruwa da wuraren da ake fama da rashin tsaro, a biya shi tare da albashi ba sai an bi layi ba. Dokar 2022 ta kai ritayar malami shekara 65 ko 40 a aiki, shekarun suna da yawa, mutum ba zai yi su a mataki ɗaya yana kallo ba.

Muna da jerin sunayen malaman da ke cikin karatu da waɗanda suka gama suna jiran gyara, makaranta-makaranta, da shekarar da kowa ya miƙa fayil. In ka ba da umarni shugaban SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ko kwamishina ya zauna da wakilanmu tare da NUT kafin dogon hutu mai zuwa, za mu zo da shi a hannu, mutum biyu daga kowace masarauta, Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru, kuɗin motar ma mu za mu haɗa.

Allah ya taimaki Kaura, ya ba mu lafiya da zaman lafiya a Kebbi.

Naka mai biyayya,
Malamin aji uku daga ƙasar Yauri, a madadin 'yan uwansa malamai.